Sankarar mama a Shinjiyang: abin da sunan ƙabila ke rufewa a fayil ɗin asibiti

A Urumci, babban birnin jihar Shinjiyang da ke arewa maso yammacin ƙasar Sin, akwai asibitin sankara na Jami'ar Koyon Likitanci ta jihar. Can ake turo masu ciwon daji daga lungu da saƙon jihar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.6, kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙasar baki ɗaya. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 25.8 ne ke zaune a jihar: 'yan ƙabilar Uygur miliyan 11.6, 'yan ƙabilar Han miliyan 10.9, ragowar kuma Kazak da Hui da Kirgiz da sauransu. Da yake katin shaidar kowane ɗan ƙasar Sin yana ɗauke da sunan ƙabilarsa, ba wuya likita ya kasa fayil-fayil ɗin marasa lafiyarsa gida biyu, ya gwada wannan da wancan.

Haka kuwa suka yi, kuma sun daɗe suna wallafa abin da suka gani game da sankarar mama. Akwai abubuwan da ke ta maimaituwa a rahotanninsu. Matan Uygur da ke isa asibitin sun fi na Han ƙarancin shekaru. Ƙarin da ke mamansu ya fi girma ranar da likita ya fara ganinsa, kuma sau da yawa cutar ta riga ta kai kaluluwar hammata. Sannan rabon ire-iren cutar tsakanin ƙabilun biyu bai zo ɗaya ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ɗaukar hankalin masu bincike, domin da ganinsa sai mutum ya ce ai gado ne. A nawa ganin, shi ne ya fi cancanta a bi shi a hankali, saboda idan aka yi masa gurguwar fahimta za a iya bai wa mace maganin da ba nata ba, ko a hana ta wanda zai cece ta.

Sai an fara sanin abin da ake nufi da ire-iren cutar. A da, likita yakan duba girman ƙari, da kamanninsa a madubin ɗakin gwaji, da inda ya bazu, shi ke nan. A shekarar 2000 Charles Perou da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa idan aka bi diddigin ƙwayoyin gadon da ke aiki a cikin ƙarin, sankarar mama takan rabu zuwa cututtuka da dama, kowace da halinta. Asibitoci ba sa bin wannan hanya mai tsada a kan kowace mara lafiya. Akan yanko ɗan nama daga ƙarin, a rina shi da sinadarai, a nemi abu uku: ko ƙwayoyin cutar suna da makarɓar sinadarin istirojin, ko suna da ta furojestaron, da kuma ko furotin da ake kira HER2 ya yi musu yawa.

Kusan kashi 70 cikin 100 na masu cutar, ƙarinsu da sinadaran jikin mace yake girma. Su ake ɗora wa ƙwayar tamoxifen, ko irin su letrozole ga wadda al'ada ta ɗauke mata, tsawon shekara biyar ko fiye. Kashi 15 zuwa 20 suna da HER2 mai yawa, nau'in da likitoci suka daɗe suna tsoro kafin Amurka ta amince da allurar trastuzumab a 1998. Akwai kuma kashi 10 zuwa 15 da duk gwajin uku ba sa nuna komai a kansu. Bari mu kira shi mai babu-uku. Ya fi kama mata masu ƙananan shekaru, ya fi saurin dawowa a shekarun farko bayan tiyata, kuma har yanzu ƙarin ruwan kemo ne babban abin yaƙarsa. Sanin nau'i ke nan shi ne sanin magani. Tamoxifen ba ya tsinana wa mai babu-uku komai, amma ga wadda ƙarinta ke bin istirojin, shan sa na shekara biyar yana rage haɗarin mutuwa da cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Masu ɗora bambancin a kan gado suna da hujja, kuma ba abar rainawa ba ce. Uygur al'umma ce mai harshen dangin Turkanci, mafi yawansu Musulmi, da suka zauna shekaru aru-aru a garuruwan da ke kewaye da hamadar Taklamakan, kan tsohuwar hanyar fataken siliki. Binciken da Shuhua Xu da Li Jin suka wallafa daga Shanghai a 2008 ya nuna jininsu gauraye ne na mutanen gabashin Asiya da na yammacinta har zuwa Turai, kowane ɓangare da kaso mai tsoka. An kuma san cewa wata matsalar gado takan taru a cikin al'umma guda. Yahudawan Ashkenazi su ne sanannen misali: kusan mutum ɗaya cikin 40 a cikinsu yana ɗauke da gurɓacewar ƙwayar gado ta BRCA1 ko BRCA2, kuma yawancin sankarar da BRCA1 ke haifarwa mai babu-uku ce. Saboda haka neman irin wannan a tsakanin Uygur aiki ne da ya kamata a yi.

Matsalar ita ce katin shaida ba gwajin jini ba ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna gaurayen nan ba ɗaya yake ba ko'ina: Uygur na kudu maso yamma, wajen Kashgar da Hotan, sun fi karkata ga yamma, na arewa maso gabas kuma ga gabas. Su ma Han ɗin na Shinjiyang ba daga gida ɗaya suka fito ba. A ƙidayar 1953 kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai na mutanen jihar. Yawancinsu su ko iyayensu sun zo ne bayan haka daga larduna irin su Gansu da Henan da Sichuwan, da dama ta hanyar rundunar noma da gine-gine da gwamnati ta kafa a 1954. Idan aka ce Uygur da Han a teburin bincike, an haɗa mutane masu asali iri-iri a akwati biyu na hukuma, kuma kowane akwati yana tafe da abubuwan da ba su da alaƙa da jini: inda mace take zaune, yawan haihuwarta, harshenta, da irin inshorar lafiyar da take da ita.

Haihuwa ce ya kamata a daɗe a kanta. Dokar ɗa ɗaya da Beijin ta ɗora daga 1980 har zuwa ƙarshen 2015 ta fi matse 'yan Han na birane. Ƙananan ƙabilu a Shinjiyang an bar musu biyu a birni, uku a ƙauye. Ke nan matan da suka kai shekarun kamuwa da cutar a lokacin da aka tattara waɗannan rahotanni sun rayu ne a ƙarƙashin doka biyu: ga ma'aikaciya 'yar Han a Urumci da ta yi aure a makare ta haifi ɗa guda, ga manomiya 'yar Uygur a karkarar Hotan da ta fara haihuwa da wuri ta shayar da 'ya'ya da dama. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2002, wanda ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, ya gano kowace haihuwa tana rage haɗarin sankarar mama da kusan kashi 7 cikin 100, kowane wata 12 na shayarwa kuma da kashi 4.3. Sai dai kariyar da haihuwa ke bayarwa ba ta rufe dukkan ire-iren cutar daidai wa daida ba. Ta fi tasiri a kan nau'in da ke bin sinadaran mata. Mai babu-uku kuwa yawan haihuwa ba ya kare mace daga gare shi, har ma binciken da aka yi a kan baƙaƙen matan Amurka ya nuna haihuwa ba tare da shayarwa ba tana ƙara haɗarinsa.

Daga nan lissafi zai iya yaudarar mai karatu. A ɗauki misali na lissafi zalla, garuruwa biyu masu yawan mata ɗaya. A gari na farko mata 100 sun kamu: 70 da nau'in da ke bin sinadarai, 15 da mai HER2, 15 da mai babu-uku. A gari na biyu haihuwa da wuri da doguwar shayarwa sun rage nau'in farko zuwa 35, sauran biyun suna nan yadda suke. Jimillar masu cutar ta koma 65, kason mai babu-uku kuma ya tashi daga 15 zuwa 23 cikin 100. Wanda ya dubi kaso kaɗai zai ce matan gari na biyu mugun nau'i ya fi kama su, alhali ko mace ɗaya ba ta ƙaru a kansa ba. Mai sauƙin ne ya ragu. Fayil ɗin asibiti kaso yake iya bayarwa. Sanin ko mai babu-uku ya fi yawa da gaske a wata al'umma yana buƙatar rajistar da ke ƙirga duk wadda ta kamu a yanki guda, a raba da yawan matan yankin, shekara da shekara.

Batun shekaru ma haka yake. Al'ummar da ke yawan haihuwa matasanta sun fi tsofaffinta yawa nesa ba kusa ba, don haka marasa lafiyarta ma za su fi ƙuruciya ko da haɗarin kowace mace bai bambanta ba. Tun da mai babu-uku ya fi yawa a masu ƙananan shekaru, wannan kaɗai zai ɗaga kasonsa.

Ga kuma tafiya. Mafi yawan Uygur suna kudancin jihar ne, a Kashgar da Hotan da Aksu, yankin da ita kanta gwamnatin Sin ta lissafa cikin mafi tsananin talauci a shirinta na yaƙi da fatara. Han sun fi yawa a arewa, a Urumci da Karamay da Shihezi. Daga Kashgar zuwa Urumci kusan kilomita 1,500 ne, ya fi nisan Kano zuwa Legas da kusan rabi. Wace mace ce za ta yi wannan tafiya, ta bar gona da yara, ta shiga asibitin da yawancin ma'aikatansa ke magana da Sinanci, harshen da ƙila ba ta ji sosai? Wadda ƙullutun mamanta ya yi shekara bai motsa ba tana iya haƙura, ko a cire mata shi a asibitin gunduma. Wadda nata ya ninka cikin 'yan watanni, fata ta canza, hammata ta kumbura, ita za a ɗauko. Ita kuwa 'yar birnin da ma'aikatarta ke kai ta gwajin lafiya duk shekara, na'ura ce ke gano mata ƙari tun bai kai a ji shi da hannu ba, kuma irin waɗannan gwaje-gwaje sun fi kamo nau'in da ke girma a hankali. Ta haka asibiti ɗaya yakan tara mafi tsanani daga nesa da mafi sauƙi daga kusa, teburin bincike kuma ya rubuta ɗaya Uygur, ɗaya Han. Girman ƙari da bazuwarsa zuwa kaluluwa, waɗanda rahotannin suka fi haɗuwa a kansu, sun fi kama da alamun jinkiri.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba, kuma Najeriya ta ɗanɗana shi. Sakamakon gwajin makarɓa ya dogara da yadda aka riƙe naman tun daga ɗakin tiyata. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na gwajin nama na Amurka suka shimfiɗa ita ce a saka shi cikin ruwan fomalin kafin awa ɗaya da yanke shi, ya zauna ciki daga awa 6 zuwa 72. Idan ya daɗe a tire cikin zafi, ko aka jefa babban yanki ba a tsaga shi ba, ko ruwan ya lalace, makarɓar takan ɓace, gwaji ya nuna babu alhali akwai. Kuskuren kusan kullum ɓangare ɗaya yake faɗawa, wato ya mai da cuta mai magani cikin ƙwaya ta zama mai babu-uku a takarda.

A 2009 Dezheng Huo da Olufunmilayo Olopade da abokan aikinsu suka wallafa nazarin mata 507 daga Najeriya da Senegal, suka samu fiye da rabinsu da mai babu-uku. Shekara guda kafin nan, Clement Adebamowo da tawagarsa a Ibadan sun gwada samfuri 192, suka samu kusan kashi 65 cikin 100 suna da makarɓar istirojin, adadin da bai yi nisa da na Turai ba. Yanki ɗaya, lokaci ɗaya, amsa biyu masu hannun riga. A 2014 wani nazari a mujallar PLoS Medicine da ya tattaro binciken Afirka ya nuna samfuran da aka karɓa kai tsaye don bincike sun fi nuna makarɓa a kan tsofaffin da aka ciro daga ma'ajiya. Wannan bai share maganar gado ba, domin ko a Amurka, inda ɗakunan gwaji ɗaya ke yi wa kowa aiki, mai babu-uku ya fi yawa a baƙaƙen mata. Abin da ya nuna shi ne wani ɓangare na abin da aka ɗora wa jinin matan Afirka ta Yamma daga ɗakin tiyata ya samo asali. Duk likitan da ya gaskata cewa matan wata ƙabila ba su da makarɓa zai yi sanyin jiki wajen tura samfuri, ko wajen sake gwaji idan sakamako ya zo da shakka. Tambayar yadda aka riƙe samfuri tana kan duk wani nama da aka yanka a ƙaramin asibiti a bakin Taklamakan aka aika Urumci.

Ba zai yiwu a yi maganar jinin Uygur a yau a tsallake halin da suke ciki ba. A Disambar 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa hukumomin Shinjiyang suna tattara samfurin ƙwayoyin gado da rukunin jini na mazauna jihar masu shekara 12 zuwa 65, ta hanyar shirin gwajin lafiya kyauta ga kowa. A ranar 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Michelle Bachelet, ya ce tsare Uygur da sauran Musulmin jihar da ake yi zai iya kaiwa ga laifin cin zarafin bil'adama. Beijin ta yi fatali da rahoton. A Fabrairun 2024 mujallar Molecular Genetics & Genomic Medicine ta janye takardun bincike 18 daga Sin saboda shakku kan ko mutanen da aka ɗauki samfurinsu sun yarda da son ransu, bayan ƙorafin da Yves Moreau na Jami'ar Leuven a Beljiyam ya daɗe yana yi. Waɗannan takardu ba na sankara ba ne, kuma zalunci ne a shafa wa likitan da ke tiyatar mama a Urumci laifin da ba nasa ba. Amma illar tana isa ɗakinsa. Binciken gado na gaskiya yana buƙatar mace ta ba da jininta, ta ambaci uwarta da 'yan'uwanta mata da 'ya'yanta, ta kuma san tana da ikon cewa a'a ba tare da wani abu ya biyo baya ba. Inda wannan ikon yake cikin shakka, masu ilimi a waje za su yi ɗari-ɗari da sakamakon, matan kuma za su yi ɗari-ɗari da allurar ɗibar jini, ko da wadda za ta amfane su ce. Abin yana min ciwo, domin al'ummar da ta fi buƙatar a san cutarta ita ce aka mai da binciken jininta abin tsoro.

A wajen magani Sin ta yi abin a yaba. Tun 2009 take gudanar da shirin duba sankarar mama da ta bakin mahaifa ga matan karkara. A 2017 ta shigar da trastuzumab cikin magungunan da inshorar ƙasa ke biya, bayan cinikin da ya sauke farashinsa da fiye da rabi. Sai dai allurar tana amfanar wadda aka gwada ƙarinta daidai ne kawai, kuma akan yi ta duk mako uku har tsawon shekara. Mai zama a Urumci motar haya za ta hau. Mai zama a ƙauyen Hotan kuwa sai an kawo maganin kusa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan kashi 80 su kai ƙarshen magani. Da za a fitar da waɗannan alƙaluma gunduma-gunduma a Shinjiyang, da sun fi teburin ƙabila biyu faɗa mana inda mata ke mutuwa da abin da ke kashe su. Mai binciken da ke son tabbatar da hannun gado kuwa sai ya gwada matan da shekarunsu da haihuwarsu da mazauninsu suka yi daidai, ɗakin gwaji ɗaya ya duba namansu, sannan ya auna asalinsu daga ƙwayoyin gado da yardarsu. Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe shi ne na jini.

Yanayin da ya haifar da bambancin ma yana sauyawa da sauri. A 2017 jihar ta daidaita dokar haihuwa ga dukkan ƙabilu, ta kuma tsananta aiwatar da ita. Alƙaluman gwamnati sun nuna haihuwa ta faɗi daga 15.88 cikin kowane mutum 1,000 a 2017 zuwa 8.14 a 2019, kusan rabi cikin shekara biyu, kuma faɗuwar ta fi tsanani a Kashgar da Hotan. Beijin ta danganta hakan da bin doka da ƙaruwar arziki da jinkirta aure. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai alamu masu ƙarfi na tilastawa. Ko ta wace hanya, matan Uygur da ke da shekara ashirin da wani abu a lokacin za su haifi 'ya'ya kaɗan, su shayar na ɗan lokaci, kuma a shekarun 2040 za su shiga shekarun da sankarar mama ta fi kama matan Sin, wato 45 zuwa 55. Ƙwayoyin gadonsu na iyayensu ne, amma bisa abin da aka sani game da haihuwa, ya kamata a sa ran nau'in da ke bin sinadarai zai ƙaru a cikinsu, rabon ire-iren cutar kuma ya matso kusa da na Han. Maganin wannan nau'i yana cikin mafi araha a duk fannin sankara, amma yana buƙatar ɗakin gwajin da zai gane shi a Kashgar da Hotan, da ma'aikaciyar jinya mai jin Uyguranci da za ta bibiyi mace shekara biyar tana shan ƙwayarta.